Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ƙungiyar Lauyoyi Reshen Kaduna: Ku Iske Mu a Unguwa Kafin Mu Isa Caji Ofis

Zuwa ga Shugaba da dukkan mambobin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, reshen Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, Baristoci, ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a?

Ni ba lauya ba ne, ko ƙofar ajin koyon shari'a ban taɓa leƙawa ba. Shagon buga takardu gare ni a Tudun Wada: kwamfuta biyu, injin fotokwafi ɗaya da ke shaƙewa duk lokacin damina, sai benci a bakin ƙofa. Amma in ana neman wurin da rigimar talakan Kaduna ke fara zama rubutu, to kan teburin irinmu ne. Takardar bashi, koke zuwa ga DPO, notis ga ɗan haya, takardar rantsuwa, har takardar saki an sha miƙo mini a ce in gyara mata Hausa. Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne kusan kowa sai aikin gama ya gama yake zuwa neman takarda. Ku kuwa ba ya ganinku sai ƙaya ta riga ta shige ƙafa ta karye a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani laifi ne nawa na kaina, kuma gara in fara da shi.

Bara, bayan ƙaramar Sallah, wani Alhaji mai sayar da yadi ya shigo shagona a fusace. Wani tela ya karɓi shadda bashi ta naira dubu 180, ya biya dubu 100, saura dubu 80 ta maƙale. Ya ce in rubuta masa koke zuwa wurin 'yan sanda. Na fara bugawa cewa yana bin wane bashi, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "A'a Malam, kada ka sa bashi, ba za su saurare ni ba. Sa cin amana da zamba cikin aminci." Na goge, na sa abin da ya ce, na karɓi ɗari biyar ɗina, ya tafi. Ko a jikina.

Ranar Litinin sai ga wata baiwar Allah da goyo, ta zo fotokwafin katin zaɓe na ƙanen mijinta. Hannunta na rawa har katin ya faɗi ƙasa. Ta ce tun Juma'a da la'asar aka tafi da mijinta, yana bayan kanta, wai ya ci amanar wani Alhaji. Ta je da kanta ta tsaya masa, aka ce mace ba ta beli, ta nemo namiji. Keken ɗinkinsa ta sayar a ranar Lahadi, rabin kuɗin aka bai wa Alhaji, rabin ya tafi a abin da aka kira kuɗin beli, sauran bashin kuma mijin ya sa hannu zai biya cikin mako biyu. Da na tambayi sunan mijin ta faɗa, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa, don har lokacin sunan na cikin kwamfutata. Ban karɓi kuɗin fotokwafin ba. Ban kuma iya gaya mata dalili ba.

Wani matashin lauya da kan zo buga takardunsa a wurina na ba labarin. Bai yi mini faɗa ba, wayarsa kawai ya ciro ya karanta mini. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta ce ba a kama mutum don kawai rigimar da ba ta laifi ba ko saɓa yarjejeniya. Sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wanda ake nema, wato ɗabi'ar nan ta a ɗauke uba ko mata ko ƙane har sai mai laifi ya kawo kansa. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ina ne cikin garin Kaduna ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017. Beli kuwa kyauta ne, wannan ma a jikin bango ake rubuta shi. Minti biyar bai cika ba ya gama karanta mini duk wannan. Minti biyar ɗin nan da matar ta samu ranar Juma'a da yamma, da keken na nan a shagonsa.

To, ranku ya daɗe, me ya sa sai a wayar lauya ake samun wannan magana, kuma da Turanci?

Kada kuma ku ɗauka ina zagin Alhajin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma a Kantin Kwari ake binsa. Da na sake haɗuwa da shi na ce masa ai kotu ya kamata ya je, sai ya yi dariya ya ce, "In je kotu kan dubu 80? Lauya ya ci rabi, ɗage zama ya ci sauran?" A ransa kotu wuri ne na masu manyan kuɗi da manyan riguna, caji ofis kuwa kwana uku an gama. Bai san cewa yana iya shiga kotun shari'a ko ta majistare da ƙafarsa, ba tare da lauya ba, ya shigar da ƙara a ba shi rasit, a aika wa telan sammaci, alƙali ya tsara yadda za a riƙa biya ba. Bai san alat ɗin banki da saƙonnin WhatsApp da ke wayarsa hujja ne da Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓa ba. Bai kuma san inda iyakar take ba: wanda ya karɓi kaya da niyyar biya ya kasa daban, wanda ya yi ƙarya tun farko don ya karɓe dukiyar mutum daban, wanda ya ba da cek ɗin da ya san babu kuɗi a asusunsa shi ma daban, don wannan tun 1977 akwai dokar da ta mai da shi laifi. Mutanenmu duk sun haɗe su sun kira "ya cinye mini kuɗi". Wa zai raba musu in ba ku ba?

Abin kunyar ma shi ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk Ramadan ana karanta ta a tafsiri a garin nan. Amma ka ce wa ɗan'uwanka ya sa hannu a takarda, sai ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba. Adashen mata na miliyoyi yana tafiya a littafin makaranta mai shafi 40 a hannun uwar adashe, ranar da ta rasu ko ta yi ɓatan dabo sai kuka. Ga kuma sabon salo na masu ba da rance ta manhajar waya, waɗanda in ka yi jinkirin kwana biyu sai su aika wa surukinka da limamin unguwarku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara dirar musu tun 2022, amma yaron da ya ci rancen dubu 10 a Rigasa bai taɓa jin cewa akwai inda zai kai ƙara ba. Layinsa kawai yake cirewa ya jefar.

Bari in koma kan mata, don su ne suka fi zama a bencina.

Takardar saki da na fi gani, shafi ne da aka yago daga littafin ɗan firamare, layi biyu, ba kwanan wata, ba a faɗi saki nawa ba ne. Wata ma babu takardar, da baki ya furta cikin dare, da gari ya waye ya ce shi bai tuna ba. Sai mace ta zauna gidan iyayenta shekara guda, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Wata ta taɓa zuwa da irin wannan shafin a naɗe cikin leda a bakin zaninta, ta ce in yi masa leminetin kada ya yage, don shi kaɗai ne shaidarta a duniya. Yaranta biyu kuma dangin miji sun karɓe tun ranar da aka yaye ƙaramin, suka ce haka addini ya ce. Na tambaye ta ko ta je kotu, ta ce, "Ai 'ya'ya na uba ne." Ku kun sani, alƙalan kotun Magajin Gari ma sun sani, cewa a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta yi wani aure, mahaifiyarta ce ke gaba kafin a waiwayi dangin uba, ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uban ko a ina yaran suke. Al'ada ce ta sa rigar addini, kuma ta daɗe da ita a jiki har mutane sun manta ba tata ba ce.

Haka batun kul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya don a sake ta. Mace ta gaji da zama ta nemi rabuwa, sai miji ya zo da lissafi mai shafi uku: sadaki, lefe, kuɗin gaisuwar iyaye, buhun shinkafar biki, har kuɗin hayar kanofi. Ni kaina na buga irin wannan lissafin ba sau ɗaya ba. Ita kuwa ba ta san cewa in ta tabbatar da cutarwa a gaban alƙali, duka ne ko rashin ciyarwa, ana iya raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Ba ta san ta ajiye takardar asibiti ba, ba ta san ta kira maƙwabta su gani da idonsu ba, sai ranar zama a ce ta kawo shaida ta tsaya tana kallon ƙasa. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Tasha da Narayi su ma suna da nasu ruɗanin, mutum bai san auren da aka ɗaura a rajista Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi ba, sai ya je ya sake wani auren ya jefa kansa cikin laifi yana ganin ya gama da na farko.

Gado kuwa ba sai na ja ba. Gida a Unguwar Sanusi ko Kabala, mai shi ya rasu shekara 20, ba a raba ba don kunya, babban wa yana karɓar haya, matar mamacin ko tumunin takabarta ba ta gani ba. Sai an kai jikoki sannan a zo wurina a buga ƙara, lokacin shaidun duk suna maƙabarta.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi a kanku kai tsaye, ku yi mini afuwa. Dokar aikin lauya ta hana wanda ba lauya ba ya rubuta takardar cinikin ƙasa ko gida don a biya shi. Na yarda da hikimar hakan, kuma tun da na sani na daina, ko da kuwa mai fili zai yi fushi ya tafi shagon gaba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun riƙe aikin, ba ku zo inda ake yin sa ba. Cinikin fili a Hayin Rigasa ko bayan Mando ko gefen Millennium City a gindin bishiya ake yin sa: dillali, mai saye, mai sayarwa, shaidu biyu, a ba da la'ada, a kai wa mai unguwa kafin alƙalami, a shafa fatiha. Mai saye ya koma gida da takarda ɗaya yana ganin ya mallaki duniya. Bai san tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana ba, bai san filin da ke da takardar mallaka ba ya sauya hannu cikakke sai da amincewar gwamna ba. An kafa hukumar KADGIS ta jiha a 2015 don rajistar filaye, kuma mutum yana iya neman a bincika masa fili kafin ya biya kuɗi, amma a cikin masu zuwa shagona da wuya ka sami wanda ya yi hakan. Izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kuwa sai an shafa jan fenti a katanga ake tuna shi.

Na ga fuloti ɗaya da takardu uku, kowacce da sa hannun shaidu, dukkansu a injina aka yi musu fotokwafi a watanni daban-daban. Na ga malamin makaranta da ya tara kuɗin sallamarsa ya sayi gida a hannun magaji ɗaya cikin tara, sauran takwas ba su sani ba. Na ga mai gida da ya cire wa ɗan haya ƙofa da kwanon rufi ana tsakar damina, yana ta rantsuwa cewa gidansa ne, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ba a fitar da ɗan haya sai da notis da umarnin kotu, kuma shi ne yanzu za a iya yin ƙararsa. In kuka ce duk wannan ai sai a nemi lauya, zan tambaye ku: nawa ne kuɗin duba takardar fulotin dubu 700? Ba wanda ya sani. Tsoron tambayar ma shi ke hana mutane hawa benenku.

Batun hanya ba zan daɗe a kansa ba, don kowa ya san yadda take kayawa. Direba ko mai Keke Napep, in an tare shi, abu biyu ya sani: roƙo da zagi. Bai san aikin KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, daban, na hukumar kiyaye haɗurra daban, na masu duba lafiyar mota daban ba. Bai san ya tambayi laifin da aka rubuta masa, ya biya tara inda doka ta ce ya karɓi rasit, ko ya ce bai yarda ba a kai shi gaban alƙali ba. Mu ma da namu laifin, wanwe da waya a kunne da lodin da ya wuce ƙima ba sharri aka yi mana ba. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne inshora. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙaramar mota ta tashi daga naira dubu 5 zuwa dubu 15, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har ta naira miliyan 3. Amma direba yana ganinta takardar nuna wa jami'i ce kawai, sau da yawa ma ta bogi aka haɗa masa a bakin titi. In ya daki motar wani a shataletale, sai a tare hanya a yi ta hayaniya, a ƙare a wurin bakanike yana sayar da akuyar matarsa.

Na san akwai masu ƙoƙari a cikinku. Hukumar ba da agajin lauya kyauta tana nan tun 1976, ƙungiyar lauyoyi mata tana taimaka wa mata, wasunku kuma suna shiga rediyo. Amma a tsayar da mutum goma a Kasuwar Bacci a tambaye su inda ofishin agajin yake, a ga abin da za su ce. Shirin rediyon kuma, ku gafarce ni, rabinsa Turanci ne da aka yayyafa wa Hausa. Tsohuwar da ke sauraro a Badarawa, da ta ji an fara jero sassan doka da harshen da ba nata ba, sai ta murɗa zuwa waƙa.

Roƙona ba mai tsada ba ne. Ku zauna ku tsara takarda mai shafi ɗaya, Hausa a gaba Turanci a baya, ta bashi, ta haya, ta adashe, ta shaidar saki da abin da aka yanke kan yara, da tambarin ƙungiyarku a sama, ku sake ta kyauta kowane shago irin nawa ya riƙa bugawa ana cikewa. Ta fili kuwa, tunda taku ce, ku yanke mata farashi sananne na ƙananan filaye ku sanar, yadda mai saye zai san abin da zai riƙe kafin ya taho. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ɗin nan, a sashe na 66, ta ce kowane ofishin yanki ya kasance da jami'i aƙalla ɗaya wanda lauya ne, mai lura da haƙƙin waɗanda aka kama, kuma doka ta ɗora wa majistare ziyarar wuraren tsare mutane duk wata. Ku ne kuke da bakin da za ku tambaya ko ana yi. Lambar waya ɗaya da za a kira ranar Juma'a da yamma, wadda mutum zai ɗauka ya amsa da Hausa, ta fi mana taron ƙara wa juna sani goma a otal.

Sannan ku fito. Matasanku da suka gama makarantar lauyoyi suna yawo da fayil ba aiki, ku raba su unguwanni ko da Asabar ɗaya ce a wata. Ƙofar gidan hakimi, harabar masallacin Juma'a, zauren coci, tashar Kawo da ta Mando wurin 'yan ƙungiyar direbobi, makarantun Islamiyya na matan aure, don su matan ba za su zo dandali su faɗi sirrin ɗakinsu ba, sai an aika musu 'yar'uwarsu mace. Ba wa'azi za su je yi ba, zama za su yi a kawo musu takarda su duba, a yi tambaya su amsa.

In kuna neman wurin farawa, bencina yana ɗaukar mutum biyar, akwai rumfa, fotokwafin ranar kuma ni zan ɗauka. Mutum na farko da zan kira shi ne telan nan. Yanzu a keken wani yake ɗinki a Bakin Dogo ana raba kuɗin biyu, kuma har yau bai san a shagona aka buga takardar da ta kwantar da shi kwana uku ba. Ina so in gaya masa, amma na fi son in yi hakan a gaban wanda zai iya faɗa masa ko akwai abin da doka za ta mayar masa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
Mai shagon buga takardu,
Tudun Wada, Kaduna.